Takardar Wakilci a Legas: Tambayoyin da 'Yan Uwa Suka Fi Yi da Amsoshinsu

Bahaushen Legas ƙafarsa ɗaya a nan take, ɗayar kuma a gida. Yau yana Mile 12 yana sauke albasa, jibi an bugo waya daga Aliero ko Funtuwa cewa tsohuwa ba lafiya, sai ya bar shago da gida da 'yan haya a hannun wani. Wani kuma Makka ya tafi ya daɗe, wani tsufa ne ya zaunar da shi. Duk waɗannan suna buƙatar wanda zai tsaya a madadinsu. A aikina na lauya, tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi zuwa mini daga mutanenmu na Agege, Idi-Araba, Alaba Rago da Obalende. Bayani ne na gaba ɗaya. Idan maganar gida ce ko kuɗi masu nauyi, ka kai takardunka lauya ya gani da idonsa.

Mece ce takardar wakilci?

Takarda ce da mutum zai rubuta ya ce: na ba wane izinin ya yi abu kaza da sunana. A ofisoshin Legas za ka ji ana kiranta fawa of atoni. Wanda ya ba da izinin shi ne mai wakiltawa, wanda aka ba shi ne wakili. Abin da wakili ya ƙulla a cikin iyakar izinin, doka tana ɗaukarsa tamkar mai wakiltawa ne ya ƙulla da hannunsa. Aron hannu ne. Dukiya tana nan ta mai ita, wakili hannu kawai ya ara masa.

Iyayenmu da baki suke wakilta mutum, kuma addini ya yarda. Me ya kawo takarda?

Gaskiya ne, wakilci tsohon abu ne a wurinmu. A ɗaurin aure akwai wakilin ango, a fada akwai wakilin sarki, a kasuwa fatake sun daɗe suna barin kaya a hannun maigidan da suka sauka wurinsa. A Alƙur'ani, cikin Suratul Kahfi aya ta 19, mutanen kogo sun aiki ɗayansu birni da kuɗin azurfa ya sayo musu abinci. A hadisin da Bukhari ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya ba Urwatul Bariƙi dinari ɗaya ya sayo akuya, sai ya sayo biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya da dinari, Annabi ya yi masa addu'ar albarka a cinikinsa. Malaman fiƙihu sun ware wa wakilci babi guda.

Amma addinin da ya halatta wakilci shi ne kuma ya yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu a aya ta 282 ta Suratul Baƙara, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani. Rubutu ba zargi ba ne. A ƙauyenku kowa ya san Malam wane ƙanin babanka ne, maganarsa ta isa. A Legas ma'aikacin banki bai san shi ba, jami'in filaye na Alausa, inda ofisoshin gwamnatin jihar suke, bai san shi ba, alƙali ma bai san shi ba. Abin da za su tambaya ɗaya ne: ina takardar?

Ƙananan abubuwa, kamar karɓo saƙo a tasha ko amso sakamakon jarrabawa, gajeriyar wasiƙar izini da kwafin katin shaidarka yawanci sun wadatar. Gida, fili, banki da kotu, su ne suke buƙatar cikakkiyar takarda.

Iri nawa ce, kuma wacce ta fi?

Akwai ta gama-gari, wadda ake ba wakili wuƙa da nama: ya sayar, ya saya, ya jinginar, ya karɓi kuɗi, ya shiga kotu. Akwai keɓantacciya, wadda ta tsaya a kan aiki ɗaya, misali karɓar kuɗin hayar gida mai lamba kaza a titi kaza na tsawon shekara ɗaya. Fiƙihun Malikiyya ma ya san wannan rabon, tsakanin wakili mufawwadi da wanda aka keɓe wa aiki.

Ni dai shawarata ba ta canzawa: ka rubuta keɓantacciya. Na sha ganin mutum yana son wakili ya karɓar masa haya kawai, sai a kawo masa takarda mai shafi huɗu da aka kwafo daga wani wuri, a tsakiyarta akwai kalmar sayarwa da ta jinginarwa. Shi bai lura ba, wataƙila wakilin ma bai nufi komai ba a ranar. Bayan shekara biyu, kasuwa ta juya wa wakili baya, bashi ya taso shi gaba, ga kuma takarda a akwatinsa da ta ba shi ikon sayar da gidan da ba nasa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya rufe wannan ƙofa ya kare dukiyarsa, ya kuma kare ɗan uwansa daga jarrabawa.

Kotunan Najeriya suna karanta takardar wakilci a tsuke. Abin da ba a ambata ba, ba a bayar ba. Idan an ce kula da gida, ba a ce sayar da gida ba. Wannan ƙa'ida tana taimakon mai dukiya, amma fa sai idan bai sa hannu a kan kalmomin da ba ya nufi ba.

Me ya kamata a gani a cikinta?

Cikakken sunanka da adireshinka kamar yadda suke a katin ɗan ƙasa, haka ma na wakili. Wannan yana da muhimmanci a wurinmu, domin mutum ɗaya a kasuwa ana kiransa Alhaji Ɗanlami, a banki Muhammad Sani, a takardar gida kuma Sani Mohammed. A daidaita sunan tun farko, ko a haɗa da takardar rantsuwa cewa duk mutum ɗaya ne.

Sai bayanin dukiyar dalla-dalla: lambar gida, titi, ƙaramar hukuma, lambar taswirar safiyo da lambar rajista idan akwai. Sai jerin abin da wakili zai yi, da kuma, ina ƙara wa mutanena wannan, jerin abin da ba zai yi ba. A sa ranar farawa da ranar ƙarewa. A rubuta asusun da kuɗi za su riƙa shiga, a ce na mai dukiya ne. A faɗi ladan wakili idan akwai, da lokacin da zai riƙa kawo lissafi. Daga nan sai sa hannu a gaban shaidu.

Wata ƙa'ida ta lauyoyi da ya kamata ka sani: idan wakili zai sa hannu a takarda mai hatimi, irin wadda ake miƙa mallakar gida da ita, dole ita ma takardar wakilcin ta zama mai hatimi. Wasiƙar hannu ba za ta ɗauki wannan nauyi ba.

Na sayi gida, mai gidan ya ba ni rasit da takardar wakilci ya ce shi ke nan. Na mallaka?

Wannan ita ce tambayar da ta fi tayar mini da hankali, domin mutanenmu da yawa a nan suke faɗawa. Amsa: takardar wakilci ita kaɗai ba ta mayar da gida naka.

Kotun Ƙoli ta warware wannan tun 1993 a shari'ar Ude da Nwara. Mai shari'a Nnaemeka-Agu, wanda ya rubuta jagoran hukuncin, ya bayyana cewa takardar wakilci ba ta miƙa mallaka daga hannu zuwa hannu. Izini ne kawai na yin abu da sunan wani. Ana iya amfani da ita daga baya a rubuta takardar miƙa mallaka, amma ita kanta ba ita ce miƙawar ba. A 2001 kuma, a shari'ar Chime da Chime, kotun ta ce wanda ya ba da wakilcin sayar da gida bai rasa ikon sayarwa da kansa ba, muddin wakili bai riga shi ba. Ka duba abin da wannan yake nufi gare ka: ka biya kuɗi, kana riƙe da takardar da ta kira ka wakili, shi kuwa a rajistar gwamnati sunansa ne a kan gida.

Me ya sa ake yin haka? Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ɗora filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma sashe na 22 ya ce mai takardar izinin mallaka ta gwamna ba zai sayar ko jinginar ba sai da yardar gwamna. Neman yardar yana cin kuɗi da lokaci, sai dillalai suka ɗauki takardar wakilci a matsayin yanke. Za su ce maka, "Alhaji, kowa haka yake yi, me za ka je yi Alausa?" Ranar da rigima ta tashi ba za ka ga dillalin ba.

Na taɓa zama da wani dattijo mai sana'ar goro a Agege. Ya zaro takardunsa daga cikin leda biyu, ɗaya a cikin ɗaya, ya shimfiɗa su a tebur yana lallashe lanƙwasar da tafin hannu. Shekara goma sha ɗaya yana zaune a gidan. Mutumin da ya sayar masa ya rasu, 'ya'yansa sun kawo masa notis. Ya ce da ni, "Barista, ɗana, duba mini da kyau, ai ga sunana nan." Na ce, "Baba, sunanka yana nan, amma a matsayin wakili aka rubuta shi." Allah ya taimake shi rasit ɗin yana nan, ga shaidu biyu da rai, ga shi kuma a cikin gidan tun ranar ciniki. Doka tana kare wanda ya biya kuɗi ya kuma shiga gida zuwa wani mataki, da wannan muka samu bakin zaren sulhu. Amma sai da ya ƙara wa magada kuɗi kafin suka sa hannu a takardar miƙa mallaka, abin da da ya samu kyauta tun mai gidan yana raye.

Idan kana cikin wannan hali kuma wanda ya sayar maka yana da rai, kada ka jira. Ka nemi ya sa maka hannu a takardar miƙa mallaka, a nemi yardar gwamna, a biya harajin kan sarki, wato kuɗin da gwamnati ke karɓa ta buga wa takarda tambari, a yi rajista da sunanka.

Wanda zai sayar mini da fili ya ce shi wakilin mai filin ne. Ta yaya zan tabbatar?

Ka ga takardar ta asali, kada ka yarda da hoto a WhatsApp. Ka karanta ko kalmar sayarwa tana ciki, kuma wannan filin ne aka ambata. Ka duba wa'adinta. Lauyanka ya je ofishin rajistar filaye da ke Alausa, Ikeja, ya yi binciken fayil, ya ga sunan wa ke kan filin, ko an yi wa wakilcin rajista, ko kuma an soke shi. Sannan ka nemi mai filin da kansa, ko da ta kiran bidiyo ne, ka ji daga bakinsa cewa yana raye kuma bai janye ba. Wakilin gaskiya ba ya jin haushin wannan. Kuɗi kuma su shiga asusun mai fili. Wanda ya tsallake waɗannan ya yi cinikin biri a sama.

Filin gado na iyalan Yarabawa sai an ƙara kula. A al'adarsu, wadda kotu ta amince da ita, filin iyali ba ya sayuwa sai da shugaban iyali da manyan 'yan gida. Saboda haka idan wani ya zo da takardar wakilci a madadin iyali, a duba su wa suka sa mata hannu. Duk wanda ya taɓa gini a Ikorodu ko bayan Alimosho ya san fitinar omo onile, wato masu cewa su ne 'ya'yan masu ƙasar, suna tatsar kuɗi daga mai saye ko mai gini. Jihar Legas ta yi dokar kare kadarori a 2016 domin maganin masu ƙwacen fili da masu sayar da abin da ba su da iko a kansa, amma bincike kafin biya ya fi ƙara bayan biya sauƙi nesa ba kusa ba.

Dole ne sai lauya ya rubuta? Ina maganar hatimi da rajista?

Idan ta shafi gida ko fili, doka ta hana wanda ba lauya ba ya rubuta irin wannan takarda don a biya shi. Masu kwamfuta na bakin kotu suna iya buga maka rubutu mai kyan gani, amma ba sa ɗaukar alhakin abin da ke ciki. Ka duba takardar lauya tana ɗauke da sunansa da tambarin ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa.

Sa hannu a gaban notari, wato lauyan da Alƙalin Alƙalan Najeriya ya naɗa don tabbatar da takardu, yana da babban amfani. Sashe na 150 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce idan an sa hannu a takardar wakilci a gaban notari, ko alƙali, ko majistare, ko jami'in jakadancin Najeriya, kuma ya tabbatar da ita, kotu za ta ɗauka an yi ta daidai. Mai musu shi ne zai kawo hujja.

Bayan nan akwai harajin kan sarki, wanda tsakanin ɗaiɗaikun mutane hukumar harajin jihar Legas, LIRS, ce take karɓa. Idan kuma takardar ta ba da ikon taɓa fili, Dokar Rajistar Filaye ta Jihar Legas ta 2015 tana son a yi mata rajista. Kuɗin waɗannan yana sauyawa, ka tambaya a lokacin, kuma ka karɓi rasit ɗin gwamnati.

Ba na karanta Turanci. Ajami da Larabci na sani. Yaya zan yi?

Kada kunya ta sa ka dangwala yatsa a abin da ba ka ji ba. Manyan 'yan kasuwarmu da yawa sun sauke Alƙur'ani, suna riƙe lissafin miliyoyi a ka, boko ne kawai ba su yi ba. Akwai dokar kare wanda bai iya karatu ba, wadda ta wajabta wa marubucin takarda ya sa sunansa da adireshinsa, alamar cewa an karanta maka an fassara kafin ka sa hannu. Lauyoyi suna ƙara wani sakin layi a ƙarshe mai cewa an fassara takardar da Hausa ta bakin wane, kuma mai ita ya nuna ya fahimta. Ka nace a sa shi. Tafinta kuma ya zama naka, ɗanka ko wani amintacce. Kada wanda za a ba wakilcin ya zama shi ne mai fassara maka.

Ina Saudiyya, ina son ƙanena ya kula da gidana na Idi-Araba. Sai na dawo?

A'a. Lauya a Legas ya tsara takardar ya turo maka, ka sa hannu a ofishin jakadancin Najeriya da ke Riyad ko ƙaramin ofishin da ke Jidda, ko a gaban notari na ƙasar da kake, sannan ka aiko ta asalin. A nan za a biya haraji a yi rajista. Idan kuma akasin haka ne, kana Legas takardar za ta yi aiki a wata ƙasa, yawanci sai ta bi ta Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin ƙasar ya buga nasa hatimi. Ka tambayi inda za a kai ta abin da suke so kafin ka kashe kuɗi.

Wakilina zai iya ba ɗan haya notis ya tashi?

Zai iya idan ka ba shi wannan ikon a rubuce. Masu gidaje da yawa sun faɗi a kotu saboda wannan kaɗai: ejan ya kai notis ɗin kwana 7 na niyyar karɓar gida ba tare da rubutaccen izinin mai gida ba, aka ce a koma a fara daga farko. Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ce, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan wata-wata notis ɗinsa wata 1 ne, mai biyan wata uku-uku ko shida-shida wata 3, mai biyan shekara wata 6. Dokar ba ta haɗa da Apapa, Ikeja GRA, Ikoyi da Victoria Island ba. Wakili ba shi da ikon cire ƙofa ko kwano ko fitar da kayan mutum waje. Wannan laifi ne, ko mai gidan ne ya yi da kansa.

Kai kuma ɗan haya, idan sabon mutum ya zo ya ce daga yau shi za a riƙa biya, ka nemi ganin takardarsa, ka kira mai gida, ka karɓi rasit.

Banki fa?

Kowane banki yana da fom ɗinsa na ƙara mai sa hannu a asusu, kuma zai nemi BVN da katin shaidar wakili. Ka je tare da shi idan kana iya zuwa, ka kuma sa iyakar abin da zai iya cira. Miƙa wa yaro katin ATM da lambar sirri ba wakilci ba ne a idon banki. Idan kuɗi suka salwanta, za a ce kai ka bayar.

Mahaifinmu ya rasu, yayanmu yana da takardar wakilcinsa. Zai ci gaba da aiki da ita?

Allah ya jiƙansa. A'a, wakilci na yau da kullum yana faɗuwa da rasuwar mai wakiltawa. A nan dokar ƙasa da fiƙihu sun haɗu, domin dukiyar ta tashi daga hannun mamaci ta koma haƙƙin magada, ciki har da matansa da 'ya'yansa mata da ƙananan marayu. Yayanku ba zai sayar da shago da wannan takarda ba, ba zai ciri kuɗi a banki da ita ba, ko da niyyarsa ta hidimar gida ce.

Na san wannan yana yi wa iyali nauyi. Ana cikin zaman makoki, ga kai gawa ko iyali gida, ga 'yan makaranta, sai a ce asusu ya rufe. Amma hanyar ita ce a nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotun Jihar Legas, ko a tabbatar da wasiyya idan ya bari. Legas ba ta da kotunan shari'ar Musulunci na gwamnati irin na Kano ko Sakkwato. Malamai za su iya raba muku gado yadda Allah ya tsara, kuma ya kamata a rubuta rabon kowa ya sa hannu, amma banki da ofishin filaye takardar kotu suke nema. Idan magada suna warwatse tsakanin Legas da Arewa, su ne yanzu za su iya rubuta sabon wakilci ga ɗayansu a kan kasonsu.

Tsohuwarmu ta fara ruɗewa. Za mu iya sa ta ta ba mu wakilci?

Mai ba da wakilci dole ya kasance cikin hankalinsa, ya san abin da yake bayarwa. Wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar amma hankalinsa garau, zai iya, kuma yana da kyau likita ya rubuta shaidar haka a ranar. Wanda ruɗewa ta riga ta kama, kama yatsarsa a dangwala zalunci ne, kuma takardar ba za ta tsaya a kotu ba. Ko wakilcin da aka bayar tun da lafiya yana faɗuwa idan hankali ya gushe. Ingila tana da wani nau'i na musamman da ke ci gaba da aiki a irin wannan hali, kada wanda ya zauna can ya ɗauka haka abin yake a nan. Hanyar a nan ita ce a roƙi kotu ta naɗa mai kula da dukiyarta.

Ta yaya zan soke wakilcin da na bayar?

A rubuce, kuma idan ta farko mai hatimi ce, ta sokewar ma ta zama mai hatimi. Ka kai wa wakili kwafi ya sa hannu ya karɓa, ka amshe ta asali daga hannunsa. Idan an yi rajista a Alausa, a yi wa sokewar ma rajista. Sannan ka sanar da duk wanda yake mu'amala da shi: banki, 'yan haya, abokan ciniki. Ana ma iya bugawa a jarida. Dalili shi ne, wanda ya yi ciniki da tsohon wakilinka da zuciya ɗaya, bai san ka soke ba, doka tana iya kare shi, asarar ta dawo kanka. Yin fushi a waya ka ce "daga yau ba ruwanka da gidana" bai isa ba.

An ce akwai wadda ba a sokewa?

Akwai. Ana yin ta ne idan wakili yana da haƙƙin kansa a cikin abin, misali ya ba ka bashi ka ba shi ikon karɓar haya har ya fanshe kuɗinsa. Irin wannan ba ka janye ta kai kaɗai kafin haƙƙin ya cika, kuma mutuwa ma ba lallai ta rushe ta ba. A Legas, idan ta shafi fili, ofishin rajista yana neman yardar gwamna a kanta. Idan ɗan uwa ne kawai zai kula maka da gida, babu dalilin da zai sa a rubuta cewa ba a sokewa. Idan ka ji an fassara maka wannan kalma, ka ajiye biro ka tambayi dalili.

Mace za ta iya zama wakiliya? Wakili zai iya wakilta wani?

Mace baliga mai hankali tana bayarwa tana karɓa. Hajiyoyi da yawa masu harkar atamfa da gwal sun fi mazan gidan riƙe lissafi. Dukiyar mace kuma tata ce, miji ba ya zama wakilinta don aure kawai, sai ta ba shi. Wakili ba ya miƙa aikin ga wani sai takardar ta ba shi wannan dama.

Akwai abin da ba a wakilci a kansa?

Jefa ƙuri'a, ɗaukar hoton yatsu na NIN ko fasfo, ba da shaida a kan abin da idonka ya gani, da yin wasiyya. Auren rajista, irin wanda ake ɗaurawa a Ikoyi, sai ango da amarya sun halarta da kansu, saɓanin ɗaurin aurenmu na masallaci.

Wakilina ya ci amanata. Ina zan nufa?

Fara da soke wakilcin a ranar, ka sanar da banki da 'yan haya. Ka tattara rasit, bayanan asusu da saƙonnin waya. Wakili amintacce ne a shari'a da doka: abin da ya salwanta ba da sakacinsa ba ba ya biya, amma idan ya wuce iyaka, ko ya sayar wa kansa a ɓoye, ko ya haɗa kuɗinka da nasa ya juya, zai biya.

Yawancin irin wannan rigima tsakanin 'yan uwa ce, don haka ba na raina zaman sulhu a gaban sarkin Hausawan unguwa, ko limami, ko shugabannin kasuwa. Sau da yawa sun fi kotu saurin fito da kuɗi, zumunci kuma bai tsinke ba. Sai dai a rubuta abin da aka cimma. Gwamnatin Legas tana da cibiyar sulhunta jama'a wadda ba a biyan kuɗi, akwai zauren sulhu na Babbar Kotu da aka buɗe a 2002, akwai kuma ofishin lauyoyin gwamnati masu kare marasa ƙarfi. Idan an ƙirƙiri sa hannunka ko an damfari mai saye, wannan laifi ne na 'yan sanda da EFCC. Dokar zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda ya karɓi dukiya da yaudara.

Filina yana Mowe. Duk wannan bayani ya shafe ni?

Tushen ɗaya ne, amma Mowe, Ibafo, Sango Ota da kasuwar Kara duk a jihar Ogun suke, ko da kullum Legas kake wuni. Rajistarsu a Abeokuta take, yardar gwamnan Ogun ake nema, dokar hayar Legas kuma ba ta kai can ba.

Maigidana zai koma Arewa, ya ce zai bar ni wakili. In karɓa?

Idan ka san za ka iya, ka karɓa, taimako ne mai lada. Amma kai ma ka nemi a rubuta, domin takardar kai ma tana kare ka ranar da 'ya'yansa za su tambaye ka lissafi. Ka ce masa, "Alhaji, don Allah a rubuta abin da zan yi da wanda ba zan yi ba, a sa wa'adi." Ka sayi littafi guda na wannan aiki kaɗai, ka riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita da kwanan wata, ka manna rasit. Kada kuɗinsa su kwana a asusunka. Duk inda za ka sa hannu, ka rubuta sunansa tukuna, sannan ka ƙara cewa ta hannun wakilinsa wane. Ƙarshen kowane wata ka ɗauki hoton shafin ka tura masa, ko bai tambaya ba.